Kurkunu ya tafi, kududdufin yana nan

Ranar sunan 'yar ƙanwata a Tudun Wadan Zariya, Baffa ya naɗe ƙafar wando zai yi alwalar la'asar, sai wani jikansa da ke aji biyu a jami'a ya ƙura wa idon sawunsa ido. Tabo uku ne a wurin, baƙaƙe, sun lotsa kamar an danna yatsa a ɗanyen yumɓu an bar shi ya bushe. Da yake akwai wasan jika da kaka, yaron ya ce, "Tsoho, wa ya yi maka zane a ƙafa?" Baffa bai ko ɗago kai ba ya ce, "Kurkunu ne, ja'iri." Yaron ya ce, "Kurkunu kuma? Wane ne shi?" Dattawan da ke kan tabarma suka kwashe da dariya, wani ya ce a ƙyale shi, gara da bai sani ba.

Ni kam lissafi na shiga yi. An haifi yaron nan bayan shekarar 2000. Kafin ya yi wayo, ciwon da ya kwantar da kakansa damina uku ya riga ya ƙare a Najeriya, har sunansa ya fara ɓacewa daga bakin mutane. Cututtuka ba su saba tafiya haka ba. Zazzaɓin cizon sauro yana nan, tarin fuka yana nan, kwalara kan leƙo kusan duk damina. To me ya sa kurkunu, wanda har yau ba shi da ƙwaya ba shi da allurar rigakafi, shi ne ya kama hanyar barin duniya? Kuma me ya sa da ya kai bakin ƙofa ya toge ya ƙi fita?

Ina ɗan firamare, a farkon shekarun 1980, aka kai ni dogon hutu ƙauyenmu da ke arewa da Zariya, damina ta kankama. Baffa, wanda a lokacin shi ne ƙarfin gandun gidan, a kwance na same shi a zaure, ƙafa ta yi suntum an ɗora ta kan kujerar tsuguno. Daga wani ƙurji a gefen idon sawu wani farin abu ya leƙo, siriri kamar silin taliya, an naɗe bakinsa a jikin sillen kara. Kullum da safe Inna takan kawo ruwa a kasko ta jiƙa wurin, shi kuma ya riƙa murza karan a hankali yana cije leɓe, har sai ya ji abin ya ƙi biyowa, sannan ya tsaya ya ɗaure da tsumma. Wata rana a samu tsawon gaɓar yatsa, wata rana ko hakan ba a samu. In na matso kallo sai ya daka mini tsawa, "Kai, ja da baya, kada ka tsinke mini shi!" Don in ya tsinke sauran ya koma ciki, ƙafar rurewa take yi, sai an kira wanzami ya sa ƙarfe a wuta a yi sakiya. Ya fi wata guda a haka. Maimai ya wuce shi, ciyawa ta ci rabin dawarsa. An yi masa gayya, amma gayyar ba ta yi armashi ba, domin da yawa daga cikin majiya ƙarfin unguwar su ma suna zaurukansu, kowa da nasa sillen karan.

A zauren nan na ji bayani iri-iri. Wani ya ce jijiya ce ta mutu take neman hanyar fita. Wani ya ce a jini yake, gado ne, in ƙasa ta jiƙa sai ya motsa. Akwai masu cewa sammu aka taka a hanyar gona. Ban ji wanda ya ambaci tafkin bayan gari ba, kuma ban ga laifinsu ba. Hatta manyan likitocin Musulmi na da, irin su Ibn Sina, da sunan jijiyar Madina suka san shi, shi ya sa har yau sunan Madina ke maƙale a sunansa na kimiyya. Wa zai haɗa ruwan da ya sha bara da ƙurjin da ya fito masa bana? Sai wajen 1870 wani masani ɗan Rasha mai suna Fedchenko ya gano inda tsutsar ke ɓuya kafin ta shiga mutum.

A cikin ruwan da ke kwance, na tafki ko na kududdufi, akwai wasu ƙananan ƙwari, ƙumar ruwa, waɗanda in ka ɗaga kofin gilashi a rana za ka hango su kamar ɗigon ƙura suna zillo. Su ne ke haɗiye 'ya'yan kurkunu, cikin mako biyu 'ya'yan su ƙosa a cikinsu. Mutum ya kamfaci ruwan ya sha, cikinsa ya narkar da ƙumar, 'ya'yan tsutsar su kuɓuta su huda hanji su shige jiki. Can za su girma, mace da namiji su haɗu, namijin ya mutu, macen ta yi ta tsawo har ta kusa mita guda, cikinta maƙare da 'ya'ya. Duk wannan mai jikin bai san ana yi ba, yana noma yana cin kasuwa. Sai bayan wata 10 zuwa 14 ta gangaro, galibi zuwa ƙafa, ta tayar da bororo mai raɗaɗi kamar an ɗora garwashi. Mai jin wuta a ƙafa kuwa ruwa zai nema. Yana tsoma ƙafar a tafki, tsutsar ta ji sanyi ta fesar da 'ya'ya dubu ɗaruruwa, ƙuma ta bi ta haɗiye, shi ke nan an shuka na baɗi. A ƙasar Hausa da sauran yankin Sahel da damina yake fitowa, lokacin da tafkuna suka cika aka bar doguwar rijiya aka koma ɗiban na kusa. A kudu kuwa da rani ne, sa'ad da rafuka suka tsinke suka bar ruwa a 'yan gurabu. Ko ta ina aka duba, a kan ƙafar manomi yake sauka daidai lokacin da gona ke nemanta. Dogon na ƙasar Mali ciwon rumbu wayam suke ce masa.

Wanda ya kalli wannan zagayen da idon ɗan kokawa zai ga lagon tsutsar a fili. Dole kowace shekara ta ratsa ta ruwa, ba ta da wata hanya. 'Ya'yan da aka fesar in ba su sami ƙuma ba cikin 'yan kwanaki mutuwa suke yi. Ba ta da ƙwai da zai kwanta a ƙasa ya jira shekaru, ba ta tashi a iska, sauro ba ya ɗaukarta. Uwar ma ranta shekara guda ne. Ke nan in gari ya yi shekara ɗaya cur ba wanda ya sha ƙuma, ko ba mai ƙurjin da ya taka ruwan sha, kurkunu ya ƙare a garin, sai fa in baƙo ya sake kawo shi. A kan wannan lissafin aka ɗora komai, tare da wani zato da kowa ya ɗauka tabbas ne, cewa mutum kaɗai take rayuwa a jikinsa.

A 1980 aka tabbatar an kawar da agana daga doron ƙasa, waɗanda suka yi wannan aikin a cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka shiga neman ta biyu. Ya zo daidai da lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 1981 zuwa 1990 don samar wa ƙauyuka ruwan sha, sai aka ce ga ma'auni ya samu, duk inda ruwa mai tsabta ya isa za a ga kurkunu ya ɓace. A 1986 Cibiyar Carter, ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, ta shige gaba tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF. A shekarar an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. Najeriya ta kafa nata shirin a 1988, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yana ministan lafiya, aka bi ƙauye-ƙauye ana ƙirga masu ƙurji. Abin da aka samu ya girgiza kowa: mutum fiye da 650,000 a ƙauyuka kusan 6,000, babu ƙasar da ta kai mu. Littattafan asibiti ba su taɓa nuna haka ba, don mai kurkunu ba ya wahalar da kansa zuwa wurin likitan da ya san ba shi da abin ba shi.

Rijiyar burtsatse ita ce maganin gaskiya, kowa ya yarda da wannan. Amma tsada gare ta, kuma ƙauyen da kurkunu ya fi so shi ne wanda motar haƙa ba ta iya shiga da damina, wanda ba shi da ɗa a gwamnati. Shekaru goman ruwan sha suka ƙare, yawancin tafkunan na nan ana sha. Da an tsaya jiran famfo, da har yau ana jira.

Sai aka koma kan abu mai araha har mutum ya raina shi, wato ƙyalle. Ƙumar ruwa ƙarama ce a ido, amma ta fi ƙarfin saƙar ƙyalle mai laushi. Kamfanin DuPont ya ba da yadin nailan mai ƙananan idanu kyauta, aka ɗinke shi kamar hula da zariya, a kifa a bakin randa ko tulu a zuba ruwa ta ciki. Makiyaya da masu wuni a gona aka ba su ɗan bututu mai matata a baki, su rataya a wuya kamar laya, duk inda ƙishi ya kama su su zuƙa ta ciki. Tafkunan da aka san sun gurɓata kuma ana zuba musu wani magani mai suna Abate duk wata, ya kashe ƙumar ya bar ruwan yana shayuwa. A kowane ƙauye aka zaɓi mutum ɗaya ko biyu 'yan sa-kai, aka ba su littafi da bandeji, aikinsu su gano mai ƙurji cikin kwana guda da fitowar tsutsa, su wanke su ɗaure, su tabbatar wani ne zai riƙa ɗebo masa ruwa.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta shawo kan masu gardama. Ma'aikacin lafiya zai sa a ɗebo ruwan tafkin da garin ke alfahari da shi, a tace a gaban kowa, sannan ya juya ƙyallen ya ɗauraye shi a cikin kwalba, ya miƙa wa mai gari ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗaga a rana ka duba." In dattijo ya ga abubuwa suna iyo a cikin ruwan da ya sha tun yana yaro, gardama ta ragu. Kwatanta wannan da shan inna, inda za ka ɗiga wa lafiyayyen yaro abin da uban bai san mene ne ba, don cutar da bai taɓa ganin ƙwayarta ba. Mun ga yadda zargi ya tsayar da wancan rigakafin a Kano a 2003. Yaƙin kurkunu bai gamu da irin wannan ba, domin ba allura ba ɗigo, kuma abokin gaban ga shi a kwalba, ga shi a naɗe a kara.

Duk da haka ba cikin ruwan sanyi aka yi ba. Ƙyalle yana yagewa, yana toshewa da laka, mai aikin gida ta gaji ta ce yau ɗaya dai ba komai, alhali yau ɗayan ta isa. Wasu garuruwan sun hana a zuba magani a tafkin da suke ganin na iskoki ne ko na kakanni. A tsakiyar shekarun 1990 aikin ya yi sanyi a Najeriya, adadin ya daina sauka yadda ake so. A nan ne wani ɗan Zariya ya shigo. Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa ya yi karatu a kwalejin da yanzu ake kira Barewa, ya karɓi roƙon Carter a ƙarshen shekarun 1990 ya zama jakadan yaƙin. Ya yi shekaru yana bin ƙauyukan da ciwon ya yi katutu, daga can ya wuce gidan gwamnati ya ce wa gwamna ga sunan gari kaza, ba su da rijiya, yaushe za a haƙa? Shekara ta zagayo ya dawo ya tambayi inda aka kwana. A ganina abin da ya kawo ke nan wanda likita ba zai iya kawowa ba: ƙofar da ake rufe wa jami'in lafiya ba a rufe wa tsohon shugaban ƙasa. A Mali ma Janar Amadou Toumani Touré irin wannan rawar ya taka.

A 2006 mutum 16 kawai aka samu a duk Najeriya, har an fara shirin murna. Sai ga 73 a 2007, saboda wani ƙauye a jihar Enugu da ciwon ya ɓarke ba a sani ba sai da ya yi nisa. A 2008 aka samu 38, ta ƙarshe wata dattijuwa ce a ƙauyen Ezza Nkwubor, a watan Nuwamba. Daga nan shiru. Amma shiru ba hujja ba ne, dole ƙasa ta yi aƙalla shekara uku tana nema ba ta samu ba. Aka sa tukwicin Naira 25,000 ga duk wanda ya nuna kurkunu na gaskiya, aka yi ta shela a rediyo da kasuwanni, ana bin kowace jita-jita har gida. A Disamban 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Najeriya shaidar rabuwa da shi, tare da Nijar da Kwaddebuwa. Ghana ta samu tata a 2015. Indiya tun 2000 ta wuce wurin.

A duniya baki ɗaya adadin ya sauko daga miliyan 3.5 zuwa mutum 13 a 2022, 14 a 2023, 15 a 2024. Sai dai wa'adin da aka fara sawa shi ne ƙarshen 1995, aka yi ta ɗagawa har yanzu ana maganar 2030. Aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Dalili na farko yaƙi ne. Ɗan sa-kai ba ya zama da littafinsa a garin da ake harbi, kuma masu gudun hijira duk ruwan da suka samu sha suke yi. A 1995 sai da Carter ya shiga tsakanin gwamnatin Sudan da 'yan tawayen kudu aka tsagaita wuta na kusan wata shida don ma'aikatan lafiya su shiga. Arewacin Mali da tsakiyarta har yau akwai wuraren da ba a iya zuwa a duba. Na biyu yawo ne. A 2016 'yan ci-rani a wata babbar gona a yankin Gambella na Habasha suka sha daga tafki guda, bayan shekara ciwon ya fito musu a garuruwansu daban-daban.

Dalili na uku shi ne ya rushe wancan zaton da aka gina komai a kansa. Chadi ta yi shekara goma ba ta ba da rahoton ko mutum ɗaya ba, sai a 2010 ciwon ya sake ɓullowa, kuma da wani irin salo: ɗaya a nan, ɗaya can nesa, ba tarin mutanen da suka sha tafki guda ba kamar yadda aka saba. A 2012 aka gano dalili. Karnukan masunta na gaɓar kogin Shari ne ke fitar da tsutsa, kuma binciken ƙwayoyin halitta ya nuna ita ce dai ta mutane. Abin da masana suka fi karkata a kai shi ne, a ƙarshen rani in ruwa ya ja aka shiga su gadan-gadan, ana fyaɗe kifi a watsa wa karnuka kayan ciki, ƙananan kifayen nan kuwa cikinsu cike yake da ƙumar da suka ci. Kwaɗi ma suna iya riƙe 'ya'yan tsutsar a naman jikinsu. A 2019 karnukan da aka ƙirga da kurkunu a Chadi sun kusa 2,000, lokacin da mutanen da suka kamu a duk duniya ba su kai sittin ba. An same shi a kyanwoyi. A Habasha kuma an same shi a jikin gwaggon biri a daji. Tsugune dai ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Kare ba ya shan ruwa ta ƙyalle, ba ya jin wa'azi, ba ya zuwa ya ce ga ƙurji. Dole aka sake dabara: a binne kayan cikin kifi ko a ƙone, a ɗaure karnuka tun kafin lokacin fitowar tsutsa ana ba su abinci da ruwa mai tsabta, a biya mai kare tukwici in ya kawo rahoto, a ƙara yawan ruwayen da ake zuba wa magani. Adadin a Chadi ya sauko zuwa 'yan ɗaruruwa. Amma ya tsallaka zuwa Arewa Mai Nisa ta Kamaru, yankin da ya yi iyaka da Borno, ga kuma Angola, wadda ba a san ta da ciwon ba sai a 2018. Yanzu ƙa'idar ta canja, ba za a ce an gama ba sai an daina ganinsa a mutum da dabba duka. Ƙasashe shida suka rage ba su da takardar shaida: Chadi, Mali, Habasha, Sudan ta Kudu, Angola da Sudan. Carter ya taɓa cewa burinsa kurkunu na ƙarshe ya riga shi mutuwa. Ya rasu ranar 29 ga Disamba, 2024 yana da shekara 100, tsutsar tana nan.

Akwai masu tambayar ko ya dace a ci gaba da kashe maƙudan kuɗi a kan mutum goma sha biyar, alhali zazzaɓi na kashe yara dubbai. Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma ni ina tare da masu cewa a ƙarasa. Tsutsa guda a tafki guda ta isa ta kwantar da unguwa baɗi, kuma jiki ba ya sabawa da ita, wanda ya yi bana zai iya yi baɗi, kamar yadda tabon Baffa uku suka shaida. Masuntanmu suna zuwa Tafkin Chadi suna dawowa, fatake da makiyaya ba su san iyaka ba. 'Yan sa-kan da suka san kamannin ƙurjin sun tsufa, ma'aikacin lafiyar da ya fito makaranta jiya a hoto kawai ya gan shi. Kuma abin da ya fi damuna shi ne, sharuɗɗan da suka raya kurkunu a ƙauyukanmu ba su gushe ba.

Mun ci kurkunu ne saboda lagonsa, ruwanmu kuwa bai gyaru ba. Ko a cikin Zariya, garin da ke da Galma da Kubanni da madatsun ruwa, unguwanni da yawa da kurar 'yan garuwa suke wayar gari. Fita ƙauye da damina ka ga inda ake ɗiba. Tafkin da ya ba Baffa kurkunu yana nan, shanu na sha, yara na wanka, sai dai babu mai zuba masa irin. Akwai kuwa wata tsutsar da ta gāji wurin, wadda ƙyallen randa bai dame ta ba.

Tsargiya nake nufi, fitsarin jini. Ita ba sai an sha ba, ta fata take shiga. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya nemi wata ƙaramar katantanwa ya shige, a cikinta ya hayayyafa ya zama dubbai, su fito suna iyo suna jiran ƙafar mai wanki ko mai ban-ruwa a fadama ko yaron da ya faɗo wanka. A jiki tsutsotsin kan zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara shekaru suna zuba ƙwai, ƙwan ne ke yaga mafitsara ya kawo jinin. In abin ya daɗe yakan taɓa ƙoda, yana jawo sankarar mafitsara, a mata kuma yana lalata al'aura da mahaifa, a yi ta maganin sanyi ba a dace ba. Tun 1851 likita Bilharz ya gano tsutsar a Alƙahira. A shekarun 1970 masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsu na Ingila sun yi dogon nazari a kanta a yankin Malumfashi. Ba sabon abu ba ne a wurinmu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 250 ke buƙatar maganinta, akasarinsu a Afirka, Najeriya kuma tana kan gaba.

Abin mamakin shi ne ita tana da magani, praziquantel, ƙwaya mai ɗaci da ake rabawa kyauta a makarantu, a tsayar da yaro jikin sandar awo, tsawonsa ya faɗi ƙwaya nawa zai sha. Wanda ba shi da magani ya kusa ƙarewa, mai maganin kuwa tana nan daram. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙwayar tana kashe tsutsar da ke jiki yau, ba ta hana ta gobe shiga. Kurkunu shekara guda yake da ita, tsargiya shekaru take yi a jikin mutum tana zuba ƙwai kullum. Mai kurkunu kowa ya gan shi yana ɗingishi, mai tsargiya kuwa yana ƙwallo da sauran yara, wasu iyayen ma ɗauka suke jan fitsari alamar balaga ce. Hana mai ƙurji shiga tafki na wata guda abu ne mai yiwuwa, amma wa zai hana manomin rani taka ruwa? Kowace sabuwar madatsa da kowane magudanar ban-ruwa sabon gida ne ga katantanwa, kamar yadda aka gani a Sanagal bayan an gina madatsar Diama a 1986, ciwon ya mamaye garin Richard Toll. Japan ta rabu da tata, amma sai da ta shafe magudanun gonaki da siminti, ta kashe katantanwa, ta wadata mutane da masai da famfo. Wato aikin nan mai tsada da muka samu hanyar kauce masa a kan kurkunu, a nan ba shi da makawa. Shi ya sa ma burin da aka sa wa tsargiya zuwa 2030 na rage ta ne har ta daina zama babbar matsala, ba a yi alkawarin shafe ta daga duniya ba.

Da hirar ta kai nan a ranar sunan, jikan Baffa ya yi dariya ya ce ai wannan ya san ta. Yana aji ɗaya a ƙaramar sakandare kusan rabin ɗakin kwanansu sun yi jan fitsari, suna ma gasar wa ya fi ja, har aka zo da sandar awo aka ba su ƙwaya, suka wuni da jiri. Baffa ya sauke ƙafar wandonsa ya dube shi ya ce, "To bayan ka sha maganin, ka koma kududdufin ko ba ka koma ba?" Yaron ya sosa ƙeya ya ce, "Haba Tsoho, watan Afrilu ne fa, famfon makaranta ya ƙafe. Ina za mu je?"